Kafin ku biya kuɗin koyon aikin otes: wa ya ba makarantar izini?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Duk wanda yake bin Facebook ko zaurukan WhatsApp na nan Yamai ya taɓa cin karo da irin wannan talla: hoton budurwa cikin tufafin aiki, ɗankwali a wuya, akwati a hannu, jirgi a bayanta, an rubuta cewa cikin ƴan watanni za ki zama otes, wato ma'aikaciyar da ke kula da fasinjoji a cikin jirgin sama, za ka zama ma'aikacin jirgi. Yaran da suka samu bak, wato shaidar gama sakandare, suna turo wa iyaye hoton, iyaye kuma suna fara lissafin abin da za a sayar a biya. Wannan bidiyon domin su ne, da iyayensu. Aikin halal ne, mai mutunci, kuma ina son in ga ƴaƴan Nijar da yawa a cikinsa. Amma akwai wata takarda guda wadda idan makaranta ba ta da ita, duk abin da ta koyar, duk kyan difloma ɗin da ta buga, kamfanin jirgi ba zai ɗauke shi a bakin komai ba. Ita ce takardar amincewar hukumar kula da jiragen sama.

Mu fara da aikin kansa, don sai an gane shi ake gane dalilin tsaurin.

Fasinja yana ganin mai raba abinci da shayi. A idon doka kuwa, wannan mutumin an sa shi cikin jirgi ne domin ranar da abu ya ɓaci. Shi ya sa ba kamfani ke yanke yawansu yadda ya ga dama ba. A ƙa'idar da ƙasashe da yawa suke bi, jirgin da ya haura kujera 19 dole a sa masa ma'aikacin ciki, kuma ana lissafin mutum ɗaya ga kowace kujera 50. Sannan kafin a yarda wani sabon samfurin babban jirgi ya fara ɗaukar mutane, sai masu ƙera shi sun nuna cewa za a iya fitar da kowa da kowa cikin daƙiƙa 90, alhali rabin ƙofofin a rufe suke. Minti ɗaya da rabi ke nan. Masu ƙera jirgi sun yi ƙofa, sun yi tsanin roba mai kumbura, amma hannun da zai buɗe ƙofar da muryar da za ta tashi mutum ɗari biyu daga kujeru, na wannan yarinyar ne mai ɗankwali a wuya.

Ranar 2 ga Janairu 2024, a filin jirgin Haneda na birnin Tokiyo, wani Airbus A350 na kamfanin Japan Airlines ya yi karo da ƙaramin jirgin masu gadin teku a daidai lokacin sauka. Wuta ta kama. Mutum 379 ne a cikin babban jirgin. Na'urar yin sanarwa ta mutu, sai ma'aikatan suka koma ga lasifikar hannu da maƙogwaronsu. Ƙofa takwas gare shi, uku kawai suka buɗe, domin sun leƙa ta taga sun ga inda wuta take. Ta baya ma, ma'aikatan wurin ne suka yanke shawarar buɗe ta da kansu, tunda ba hanyar jin umarnin matuƙi. Kowa ya fita da ransa, jirgin kuma ya ƙone ƙurmus. Biyar daga cikin mutum shida na ƙaramin jirgin sun rasu.

A ɗaya gefen akwai abin da ya faru a Riyad ranar 19 ga Agusta 1980. Jirgin Saudiyya mai lamba 163 ya tashi zuwa Jidda, hayaƙi ya tashi daga ɗakin kaya, ya juyo ya sauka lafiya a kan titinsa. Amma bai tsaya nan take ba, ba a ba da umarnin fita ba, ba a buɗe ƙofa ko ɗaya daga ciki ba. Kafin masu ceto su buɗe daga waje, mutum 301 sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Jirgin da ya riga ya taɓa ƙasa lafiya ke nan.

To wa ke tabbatar da cewa wanda aka tsayar a bakin ƙofa ya san abin yi?

Tushen maganar yana komawa 1944, lokacin da aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Shikago, wadda ta haifi hukumar jiragen farar hula ta duniya, OACI, mai mazauni a Mantiriyal ta ƙasar Kanada. Ƙasashe 193 ne a cikinta, har da Nijar. Ƙarin yarjejeniyar na shida ya ce kowane kamfanin jirgi dole ya kasance da tsarin horar da ma'aikatan ciki, wanda ƙasar da kamfanin yake ƙarƙashinta ta duba ta amince da shi, kuma kada a sa kowa aiki sai ya kammala shi, sannan a riƙa maimaita horon kowace shekara. Ku lura da wannan: OACI ba ta ba wata makaranta a Yamai ko Lome ko Kasabalanka izinin horar da otes da kanta. Nauyin yana kan kowace ƙasa. A nan gida, hukumar da ke riƙe da wannan nauyi ita ce ANAC, hukumar jiragen farar hula ta ƙasa. Ita ke ba kamfanonin jirgi izinin aiki, ita ke sa ido a kan horon ma'aikatansu. OACI kuma takan aiko masu bincike su duba ko hukumar ƙasa tana yin nata aikin yadda ya kamata.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Mai makaranta zai ciro muku takardar rajistar kasuwanci, da lambar biyan haraji, wataƙila har da izinin buɗe cibiyar koyar da sana'a. Duka takardu ne na gaskiya, kuma suna da amfaninsu. Sai dai ba su ne ake magana ba. Suna nuna cewa wurin yana da hurumin buɗe ƙofa ya karɓi ɗalibai. Ba sa nuna cewa wani masanin jirgi ya zo ya duba abin da ake koyarwa. Haka kuma wasu suna haɗa lamarin da makarantar EAMAC da ke nan Yamai tun 1963, ta ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar ƙasashen Afirka da dama. Wannan makaranta ce mai suna a Afirka, amma abin da aka san ta da shi shi ne horar da masu ba jirage hanya daga hasumiya, da masana yanayi, da masu gyaran na'urori. Layinsu daban, na ma'aikatan cikin jirgi daban.

Yanzu bari mu shiga ciki mu ga yadda makaranta take samun amincewar nan, don ku san nauyin takardar idan kun gan ta.

Ba a kwana ɗaya ake yi ba. Mai son buɗe cibiya yakan fara zama da hukuma a gaya masa abin da ake bukata, sannan ya shigar da buƙatarsa a rubuce. Babban abin da zai kai shi ne kundin horarwa. A ciki ake rubuta kowane darasi, awa nawa zai ci, da wane kayan aiki, wa zai koyar, yaya za a yi jarrabawa, maki nawa ne cin ta, kuma me za a yi wa wanda ya faɗi. Dole a ambaci sunan shugaban da zai ɗauki alhakin komai, wanda yake da ikon fitar da kuɗi idan kayan horo sun lalace, da sunan mai kula da horarwa. Sufetocin hukuma su zauna su bi kundin shafi-shafi, su mayar da shi a gyara, a sake kawowa.

Malamai ma ana tantance su. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin ƙofar jirgi ba, bai taɓa sa hular hayaƙi ba, me zai koya wa wani? Ana duba shekarun aikinsa, da horon koyarwa da ya yi. A ƙa'idar Turai har an ce masu yin jarrabawa su zama waɗanda ba su da wata riba a cin ɗalibi ko faɗuwarsa. Hikimar a fili take: makarantar da ke rayuwa da kuɗin ɗalibai, in aka bar ta ita kaɗai, da wuya ta kayar da kowa.

Sai ranar da sufetoci za su zo da ƙafarsu. Wannan shi ne wurin da nake so ku fi riƙewa, domin shi ne abin da ku ma za ku iya gani da idonku in kun je ziyara.

Akwai ƙofa. Ba hoton ƙofa a bango ba, ƙofar gwaji mai nauyi da hannu irin na ainihi, wadda ɗalibi zai koyi ɗaura mata tsanin roba da kwance shi. Idan ƙofa tana ɗaure aka buɗe ta, tsanin yakan faso waje ya kumbura cikin ƙasa da daƙiƙa goma, da ƙarfin da zai iya raunata wanda ke tsaye a waje. Shi ya sa kuke jin ana sanarwa kafin tashi da bayan sauka, ma'aikata biyu suna duba ƙofar juna. Ɗalibi yana koyon ya leƙa waje tukuna, ya kama mariƙin da ke gefe don kada turereniya ta jefa shi ƙasa, sannan ya ɗaga murya: ku bar kaya, ku zo nan, ku yi tsalle. Ba a roƙo a wannan lokacin. Yarinyar da aka tarbiyyantar da sunkuyar da kai gaban manya, a nan sai ta koyi daka wa dattijo sa'an kakanta tsawa don ta ceci ransa, kuma wannan ba ya samuwa sai da maimaici.

Akwai ɗakin hayaƙi. Ana cika wani ɗaki mai kujeru kamar cikin jirgi da hayaƙin gwaji har ba ka ganin tafin hannunka. Ɗalibi ya yage jakar hular hayaƙi, ya zura ta a kai, iskar shaƙa ta fara zuwa, zafi ya taru a ciki, numfashinsa yana yi masa ƙara a kunne, muryarsa ba ta fita sosai. An ƙera hular ta yi aƙalla minti 15. A haka zai lalubo hanya yana ƙirga kujeru da hannu. Daga nan a fita fili a kunna wuta ta gaske, ya riƙe tukunyar kashe gobara, ya cire ƙusa, ya nufi gindin wutar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa jin zafin wuta a fuskarsa yana riƙe da tukunyar nan ba, kada ranar farkonsa ta zama a sama, tsakanin Agadas da Yamai.

Kuma gobarar zamanin nan tana cikin aljihunmu. Batirin salula, da na kwamfuta, da na ajiyar caji, idan ya lalace yakan yi zafi ya kama da kansa, a kashe harshen wutar ya sake tashi. Abin da ake koyarwa shi ne a kashe wutar, sannan a yi ta kwarara masa ruwa har ya huce, kada a rufe shi da ƙanƙara ko bargo, kada a ɗauke shi da hannu yana da zafi. Shi ya sa ma'aikaciya take cewa idan wayarka ta faɗa ƙarƙashin kujera kada ka motsa kujerar, ka kira ta. Kundin da aka rubuta shekara ashirin baya ba shi da wannan darasin yadda yake yau, kuma ɗaya daga cikin amfanin sa idon hukuma ke nan: tana tilasta a sabunta.

Akwai ruwa. Na san wani zai ce mu da muke ƙasar da ba teku, me ya haɗa mu da kwale-kwalen ceto? Jirgin da zai kai ki Pari zai ƙetare Bahar Rum, na Jidda zai ƙetare Bahar Maliya, na Lome da Abijan kuwa a bakin teku suke sauka. Don haka sai an shiga kududdufin iyo da rigar ceto, an koyi hura ta bayan fita daga jirgi, an koyi hawa kwale-kwalen roba da jawo wanda ya galabaita. Ƙanwata, ƙanena, idan kuna da wannan burin kuma ba ku iya iyo ba, ku fara koyo tun yanzu. Haka kuma ana koyar da yadda ake rayuwa a hamada bayan saukar dole: rabon ruwa, yin inuwa, zama kusa da jirgi, ba masu nema alama. Mu da muke da Tenere ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Taimakon gaggawa kuwa shi ne abin da za su fi yi a rayuwar aikinsu. Suma, hawan jini, ciwon suga, shaƙewa da abinci, haihuwa, tsayawar zuciya. Ana danna ƙirjin mutum-mutumin roba sau 30, a hura sau 2, har hannu ya saba. Ku tuna jirgin alhazai, cike da dattawa daga Tawa da Maradi da Damagaram waɗanda yawancinsu ba su taɓa shiga jirgi ba. A nan yaron da ya iya Hausa da Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Buzanci, a kan Faransanci da Ingilishinsa, yana da abin da ba kowa ke da shi ba. Ana kuma koya musu abin da ƙarancin iska yake yi wa ƙwaƙwalwa: a tsayin da manyan jirage suke tafiya, idan iskar cikin jirgi ta zube, mutum ba ya wuce minti ɗaya cikin hayyacinsa. Dalilin cewa ka sa naka abin shaƙar kafin na ɗanka ke nan.

Wani darasin ba a ganin kayansa, amma sufeto yana neman sa a kundi. A Janairun 1989, kusa da ƙauyen Kegworth a Ingila, injin hagu na wani Boeing 737 ya lalace, matuƙan suka kashe na dama bisa kuskure. Wasu ma'aikatan ciki da fasinjoji sun ga wuta tana fita ta hagu, amma labarin bai kai gaba ba, don an ɗauka matuƙa sun sani. Mutum 47 suka mutu. Irin wannan ne ya sa yau ake koya wa ƙaramar ma'aikaciya ta ɗaga waya ta gaya wa kwamandan jirgi abin da ta gani, a taƙaice, ba kunya, shi kuma ana koya masa ya saurara. A wurinmu da girmama na gaba ya yi ƙarfi, ina ganin wannan darasin ya fi kowane wuyar shiga, kuma malamin da ya iya koyar da shi ya cancanci albashinsa.

Ba dole ne makaranta ta mallaki dukan kayan nan ba, tsadarsu ba kaɗan ba ce. Tana iya ƙulla yarjejeniya da wata cibiya ko wani kamfanin jirgi, ko da a wata ƙasa, ta kai ɗalibai can. Amma yarjejeniyar sai ta kasance a rubuce, hukuma ta san da ita.

Idan komai ya cika sai a ba da takardar amincewa. Tana da lamba, tana ɗauke da sunan cibiyar da inda take, kuma tana faɗin irin horon da aka yarda ta bayar. Ba a bayarwa a manta. Sufetoci suna dawowa, su buɗe fayil ɗin ɗalibai, su duba rajistar halarta da takardun jarrabawa, su zauna a bayan aji. In an sauya malami ko wuri ko kundi, sai an sanar. In aka ga sakaci, ana iya taƙaita izinin, ko dakatar da shi, ko janye shi gaba ɗaya. Don haka takardar da aka rataye a bango shekaru biyar baya ba ta isa shaida a yau ba.

Akwai kuma maganar iyaka. Amincewar wata ƙasa ba ta bin mutum ko'ina kai tsaye. A Tarayyar Turai, tun daga dokar da aka fitar a 2012, shaidar horon farko da aka samu a ƙasa ɗaya tana aiki a sauran, kuma sai mai shekara 18 ake ba ta. Wannan tsarinsu ne a tsakaninsu. Ɗan Nijar da zai tafi Maroko ko Tunisiya ko Senigal karatu, ya tambayi abu biyu tun kafin ya sayi tikiti: hukumar jiragen waccan ƙasar ta amince da makarantar? Sannan kamfanin da yake hari, da hukumar ƙasar kamfanin, za su karɓi shaidar, ko sai ya sake wani horon?

Kuma ko makarantar da ta fi kowace inganci ba ta ba da aiki. Horon farko share fage ne. Kamfanin da ya ɗauke ka zai sake horar da kai a kan tsarinsa da kan samfurin jirginsa, domin ƙofar Boeing 737 daban take da ta Airbus A320. Za ka yi tashin gwaji ƙarƙashin idon babba, za a duba lafiyarka wurin likita, kuma kowace shekara za ka koma aji. Manyan kamfanoni da dama ma ɗaukar mutum suke yi tukuna, sannan su horar da shi a makarantarsu, kamar yadda kamfanin Habasha yake da tasa a Adis Ababa. Tun rushewar Air Afrique a 2002, guraben aikin nan a yankinmu sun warwatsu tsakanin kamfanoni irin su ASKY da Air Côte d'Ivoire da ƙananan na cikin gida, kuma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ce muku ku biya, aiki tabbas ne, ku nemi ya rubuta sunan kamfanin ya sa hannu.

Baba, Inna, ku da za ku fitar da kuɗin: ranar da za ku je ganin makarantar, ku ce a nuna muku takardar amincewar hukumar jiragen sama, ta ainihi. Ku ɗauki hotonta, ku rubuta lambar da kwanan wata. Ku ce a kai ku inda ake gwajin wuta da hayaƙi da ƙofa, in kuma a wani wuri ake yi, a gaya muku ina ne, yaushe, kuma kuɗin tafiyar yana cikin abin da za ku biya ko a'a. Ku tambayi wa ke shirya jarrabawar ƙarshe, da sunan wace hukuma ke kan shaidar da za a ba yaron. Daga nan ku ɗauki hoton takardar ku nufi ofishin ANAC a nan Yamai, ku nemi sashen da ke kula da lasisin ma'aikatan jirgi, ku tambaya ko wannan cibiyar tana da izinin ba da horon farko a yau. In kuna Tawa ko wani gari mai nisa, ku aiki ɗan'uwa da ke Yamai, ko ku rubuta wasiƙa ku nemi amsa a rubuce. Sai amsar ta zo hannunku sannan ku biya kason farko, kuma ku karɓi rasit mai hatimi.

A bidiyo na gaba za mu zauna a kan binciken likita: ido, kunne, hawan jini, da abin da ake tambaya game da sikila. Sai mun haɗu, a huta lafiya.